Jirgin Da Ya Tsufar Da Jiragen Yaƙin Duniya A Rana Ɗaya

 A wannan makon shafinmu ya bar tudu ya faɗa teku. Mun san yawancinmu ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba, babban ruwan da muka sani shi ne dam, ko kogi idan ya kawo da damina. Duk da haka muna roƙon ku tsaya ku karanta har ƙasa, domin labarin da muka kawo muku na wani jirgin ruwa ne da ya sa manyan ƙasashen duniya suka zubar da dukiyarsu a ruwa, kuma dubban mutane suka rasa rayukansu a cikin irinsa.

Sunan jirgin Dreadnought, ana furta shi kamar a ce Direnot, ma'anarsa kuwa wanda ba ya tsoron komai. Na Ingila ne. An fara ƙera shi a garin Portsmouth ranar 2 ga Oktoba 1905, Sarki Edward na 7 ya saukar da shi a ruwa ranar 10 ga Fabrairu 1906. Ku tuna darasin tarihi: shekara 3 ke nan bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Ƙarfin da ya sa ƙaramar ƙasa irin Ingila ta iya miƙo hannu har nan, a teku yake.

Tsawonsa mita 160 da 'yan kai, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi. Faɗinsa mita 25. Nauyinsa ya haura tan 18,000, kuma mutum sama da 700 ne ke aiki a cikinsa. Amma ba girma ne ya sa ya yi suna ba, domin akwai jiragen fasinja da suka fi shi girma a lokacin. Igwoginsa ne.

Matsalar igwogi iri-iri

Kafin 1906, babban jirgin yaƙi yakan ɗauki manyan igwogi 4 masu faɗin baki inci 12, sai matsakaita, sai ƙanana da yawa. A ido abin yana da kyau, kamar an yi tanadin kowane irin faɗa. To amma ga inda gizo ke saƙar. A teku, idan abokin gaba yana nesa da kai kilomita bakwai ko takwas, ba ka harbi sau ɗaya ka same shi. Sai ka harba, ka duba inda harsashin ya faɗa a ruwa, ka ga feshin ruwan da ya tashi sama. In ya faɗi kafin jirgin, ka ɗaga bakin igwa. In ya wuce, ka sauke. Haka za ka yi ta gyarawa har ka dace.

Yanzu ku ɗauka mu uku ne muke jifar mangwaro ɗaya a lokaci guda, ɗaya da hoge, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da gwafa. Ganye ya motsa a sama. Jifar wa ce? Babu wanda zai iya rantsuwa, don haka babu wanda ya san yadda zai gyara hannunsa. Haka abin yake ga mai hange a jirgi. Daga nesa feshin harsashin inci 12 da na inci 9 kusan iri ɗaya ne, alhali kowace igwa da irin ɗagin da take buƙata da lokacin da harsashinta yake ɗauka a iska. Sai lissafi ya cakuɗe. Matsowa kusa kuma haɗari ne, saboda an riga an ƙirƙiro topido, wani bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa wanda ƙaramin jirgi ma zai iya harbawa ya nutsar da babba.

Maganin yana da sauƙin faɗa: a cire matsakaitan gaba ɗaya, a cika jirgin da manyan igwogi iri ɗaya, a harba su tare, a gyara su tare. Wani injiniyan jirage ɗan Italiya mai suna Vittorio Cuniberti ya rubuta wannan shawara a 1903. A Ingila kuma, Admiral John Fisher, wanda ya zama shugaban sojan ruwa a Oktoba 1904, ya ɗauki abin da zafi. Mutum ne mai gaggawa, ba ya son a ce masa sai gobe.

Ana cikin haka sai yaƙin Rasha da Japan ya ba kowa darasi. Rasha ta taso da rundunar jiragenta tun daga Tekun Baltik a Oktoba 1904. Manyan cikinsu sun zagaye Afirka, sun tsaya a Dakar da gaɓar Gabon sun ɗibi kwal, suka yi wata bakwai a hanya. Da suka isa mashigin Tsushima a ƙarshen Mayu 1905, Admiral Togo na Japan ya tarwatsa su cikin kwana biyu. Rasha ta rasa mutum sama da 4,000, Japan 117. An riga an gama zanen Dreadnought kafin wannan faɗan, amma masu ra'ayin Fisher sun ce ga shaida nan: manyan igwogi da saurin gudu su ne ke cin yaƙi.

Shi ya sa aka ba Dreadnought igwogi 10 masu inci 12. Ku ɗauko doguwar rular da ke cikin jakarku, mai santimita 30. Faɗin bakin igwar ke nan. Harsashi ɗaya ya kai kilo 386, kusan buhun siminti takwas, kuma igwar tana iya cilla shi kimanin kilomita 15. An bar masa ƙananan igwogi don korar jiragen topido kawai. A gefensa, inda ya fi kauri, sulken ƙarfensa inci 11 ne.

Sai inji. Tsofaffin jirage suna da injin tururi mai fistin, wanda ke hawa da sauka kamar taɓarya a turmi. In aka matsa masa gudu na dogon lokaci sai ya yi ta girgiza har wani abu ya lalace. Dreadnought shi ne babban jirgin yaƙi na farko da aka sa wa injin tururi mai juyawa, wanda Charles Parsons ya ƙirƙiro. A cikinsa tururi yana busa dubban 'yan fikafikai ne, su juya sanda, sandar ta juya farfela, kamar yadda iska ke juya fanka. Gudunsa kilomita 39 a awa, na da kuwa wajen 33. Wani zai ce ai ko mashin ya fi haka. Gaskiya ne. Amma a teku wanda ya fi gudu shi ke zaɓar nisan da za a yi faɗa, kuma shi ke da ikon cewa yau ba za a yi ba.

Kada mu manta da waɗanda ke can ƙasa. Tukwanen tururi 18 ne, kuma da shebur ake ɗura musu kwal, cikin zafi da ƙura, dare da rana. Ranar lodin kwal kuwa kusan kowa a jirgin sai ya koma baƙi ƙirin. Hotunan jirgin da muke gani ba sa nuna waɗannan mutanen.

Abin da kwali ya koya mana

Mu a ƙungiyarmu ba karantawa kawai muke yi ba, muna gina samfurin waɗannan jirage. Duk wanda ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa ya riga ya iya rabin aikin. Bambancin kawai shi ne awo. A motar kara ido ne ma'auni, a samfurin jirgi kuwa rula ce.

Mun zaɓi ma'aunin 1 bisa 200, wato kowane santimita ɗaya a samfuri yana wakiltar mita biyu a jirgin gaske. Ku raba 160 da 2, kun sami tsawon santimita 80. Faɗi ya zama santimita 12 da rabi. Igwa mai tsawon kusan mita 14 ta koma santimita 7, har da ɓangaren da ke ɓoye a cikin ɗakinta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne mutum. A wannan ma'auni babban mutum bai kai santimita ɗaya ba, bai wuce ƙwayar wake ba. Ku ɗora ƙwayar wake kusa da igwar, nan take za ku ji girman jirgin fiye da yadda kowane adadi zai gaya muku. A ƙasashen waje ana sayar da samfuran roba da ake harhaɗawa, yawanci a ma'aunin 1 bisa 350 ko 1 bisa 700, amma namu na kwali ya fi su girma kuma bai ci kuɗi ba.

Gangar jikin da kwalin taliya muke yi, a yanka shi da reza a jera hawa-hawa da gam, sannan a lulluɓe gefen da kwali mai laushi. Muna yanke shi daidai inda ruwa yake tsayawa domin ya zauna daram a kan tebur. Abin da aka yanke ɗin ba kaɗan ba ne: kusan mita 9 na jirgin yana ƙarƙashin ruwa, tsayin bene mai hawa uku. Bututun hayaƙi guda biyu daga jikin tsohuwar maka suke, igwogi daga tsinken tsire, ƙananan kwale-kwalen ceto kuma daga totuwar kara, domin tana sassaƙuwa da sauƙi. Fenti ruwan toka.

Ɗakunan igwa su ne zuciyar aikin. Guda biyar ne, kowanne da igwa biyu, kuma shawararmu ga duk mai son gwadawa ita ce kada ya manne su. Ya soke kowanne da ƙaramar ƙusa a tsakiya yadda zai riƙa juyawa. Dalili kuwa shi ne da yatsa za ka gano abin da littafi zai ɗauki shafi guda yana bayani. Ɗaki ɗaya yana gaba, biyu suna baya a kan layin tsakiya, sauran biyun kuma ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ajiye kwalba a gefen dama a matsayin abokin gaba, ka juya duk ɗakunan su kalle ta. Huɗu za su juya lafiya. Na hagu kuwa sai ya tarar da ginin tsakiyar jirgin ya tare masa gaba. Ashe a cikin igwogi 10, takwas ne kawai ke iya harbi gefe ɗaya. Duk da haka takwas ninki biyu ne na huɗun da tsofaffin jirage ke da su.

Amurkawa sun fi dabara a nan. Jirginsu South Carolina igwogi 8 kawai yake da su, amma duk a layin tsakiya, biyu-biyu a gaba da baya, an ɗaga ɗaki ɗaya sama da ɗan uwansa yana harbi ta kansa. Takwas ɗin duka suna juyawa dama ko hagu. Ƙarfi ɗaya da na Dreadnought, ba tare da ɗaukar nauyin ɗaki na biyar ba. Daga baya kowa wannan tsarin ya bi.

Akwai wani aibi kuma da samfuri ke tonawa. Dogon turken da masu hange ke zama a samansa an kafa shi ne a bayan bututun hayaƙi na gaba. Da ka manna su biyun ka kalle su daga gefe, za ka tambayi kanka ina hayaƙin zai tafi idan jirgi yana gudu. Kan masu hangen zai tafi, da zafinsa. Jirgin da aka gina dukkansa domin a ga feshin ruwa daga nesa, sai ga shi an ajiye idonsa a cikin hayaƙi.

Tseren da ya biyo baya

Mu koma 1906. Ranar da Dreadnought ya fara aiki, duk wani babban jirgin yaƙi a duniya ya zama tsohon yayi. Har suna aka canja musu, ana ce musu na kafin Dreadnought. To wace ƙasa ce ta fi kowa yawan waɗannan tsofaffin? Ingila da kanta. Ratar da ta tara shekara da shekaru ta ragu, lissafi ya koma ɗaya da babu. Mutane da yawa a Ingila sun zargi Fisher da cewa ya daɓa wa cikinsa wuƙa. Mu dai a ganinmu ba shi da zaɓi, domin Amurka da Japan sun riga sun fara zana irin wannan jirgi. In bai fara ba, wani zai fara.

Jamus, ƙarƙashin Sarki Wilhelm na 2 da Admiral Tirpitz, ta ga dama ta samu. Jirginta na farko irin wannan, Nassau, ya fara aiki a 1909. Sai da ta faɗaɗa mashigin ruwan Kiel da aka haƙa tsakanin tekunanta biyu domin sababbin jiragen su iya wucewa, aikin da bai ƙare ba sai 1914. A Ingila kuwa, a 1909 jama'a da jaridu suka tayar da ƙayar baya sai an gina takwas a shekara guda, kuma aka gina. Dreadnought shi kaɗai ya ci kusan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas na wancan zamani, waɗanda suka biyo shi kuma sun fi shi tsada da girman igwa. Kafin 1914 shi kansa ya fara zama tsoho.

Ƙasashen da ba su da masana'antar ƙera su ma sun shiga layin saye. Burazil ta yi odar wani a Ingila mai igwogi 14 a ɗakuna bakwai, kuɗi suka gaza, ta sayar da shi ga Daular Usmaniyya, ta Turkiyya muke nufi ba tamu ta Sakkwato ba. Talakawan Turkiyya har karo-karo suka yi domin sayen jirage. An gama shi, ma'aikatan Turkiyya sun iso ɗaukarsa, sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a Agusta 1914, Ingila ta riƙe shi ta sa masa suna Agincourt. Abin ya ƙona wa Turkawa rai ƙwarai, kuma bayan 'yan watanni suka shiga yaƙin a ɓangaren Jamus. Ɗakunan igwarsa bakwai, sunayen ranakun mako aka sa musu.

Jutland

Bayan duk wannan kuɗi, sau ɗaya tak manyan rundunonin Ingila da Jamus suka gwabza gaba da gaba. A Tekun Arewa ne, kusa da yankin Jutland na ƙasar Denmak, daga 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1916. Jirage wajen 250 ne suka haɗu, Admiral Jellicoe yana jagorantar na Ingila, Admiral Scheer na Jamus.

Domin a gane abin da ya faru sai mun yi bayanin wani ƙanen Dreadnought. Mai zana jirgi yana da abu uku da yake so, igwa da sulke da gudu, kuma kowanne nauyi ne. In ka ƙara ɗaya dole ka rage wani, in ba haka ba jirgi ya nutse. Fisher ya sa an gina wasu jirage masu manyan igwogi da gudu sosai, amma da siririn sulke, bisa tunanin cewa gudu zai kare su. A Jutland uku daga cikinsu suka tashi da wuta. Indefatigable yana da mutum sama da 1,000, biyu suka tsira. Queen Mary ya tafi da mutum 1,266. Invincible ya rabe gida biyu, mutum shida suka rayu.

Ba siririn sulke kaɗai ba ne. A ƙarƙashin kowane ɗakin igwa akwai wata rijiya da ta gangara har cikin jirgin, zuwa rumbun albarushi. An yi mata ƙofofi domin kada wuta ta sauka. Amma saboda son harbi da sauri, ma'aikata sukan tara albarushi a hanya su bar ƙofofi a buɗe. Harsashi ɗaya ya fasa ɗakin igwa, wuta ta bi rijiyar ta isa rumbu, shi ke nan. A samfurinmu ƙusar da ɗakin ke juyawa a kanta tana daidai wurin wannan rijiya.

Ingila ta rasa jirage 14 da mutum 6,094. Jamus ta rasa 11 da mutum 2,551. Jamus ta ce ita ta yi nasara, kuma in adadi za a bi tana da hujja. Sai dai jiragenta ne suka koma gida suka bar wa Ingila teku, kuma Ingila ta ci gaba da toshe mata hanyar shigo da abinci da kaya har yaƙin ya ƙare. Har yau masana suna musu a kai, mu ma a ƙungiya ba mu daidaita ba.

A cikin matattun akwai yara. Sojan ruwan Ingila yana ɗaukar samari 'yan shekara 15 da 16. Ɗaya daga cikinsu, Jack Cornwell, ɗan shekara 16, yana aiki a wata igwa a jirgin Chester. An kashe ko an raunata kusan duk abokan aikinsa, shi ma ya ji mummunan rauni, amma ya tsaya a wurinsa yana jiran umarni. Ya rasu ranar 2 ga Yuni, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila bayan mutuwarsa. Bai girmi 'yan babbar sakandare da muke haɗuwa da su a asambuli ba.

Dreadnought kansa bai je Jutland ba. Abin dariya ma, bai taɓa harba manyan igwoginsa a kan jirgin abokan gaba ba. Jirgi ɗaya ya taɓa nutsarwa, a Maris 1915, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-29, kuma da goshi ya banke shi. Bayan yaƙi, jiragen Jamus da aka tsare a Scapa Flow ma'aikatansu suka nutsar da 52 da hannunsu ranar 21 ga Yuni 1919 domin kada a rabe su. A 1921 aka sayar da Dreadnought ga 'yan gwangwan, aka yanka shi. A 1922 manyan ƙasashe suka sa hannu a wata yarjejeniya a Washinton suka taƙaita gina irinsa. Wanda ya rage daga wancan zamani shi ne Texas na Amurka, da aka mayar gidan tarihi, sai Mikasa, jirgin Togo na Tsushima, wanda ke ajiye a Yokosuka ta Japan.

Samfurin da za mu fara a zango mai zuwa Agincourt ne, kuma ɗakuna bakwai aiki ne mai yawa. Muna neman hannu, maza da mata, musamman masu iya lissafin rabawa da masu haƙurin yanka. Muna haɗuwa ranar Laraba bayan an tashi. Wanda zai zo ya taho da rula da kwalin da aka gama amfani da shi a gida, reza kuma a bar wa malamin da ke kula da ƙungiya ya riƙe.